Gorar Ruwa a Sitiyari

Mutumin da ya koya min soke gorar ruwa a sitiyari shi ne ya riƙe ragon sunana aka yanka. Haka mahaifiyata ta faɗa min, shi ma kuma bai taɓa bari na manta ba. Aminin mahaifina ne tun suna 'yan kamasho a tasha, kafin ya samu hanya ya wuce Saudiyya, mahaifina kuma ya zauna a gida har Allah ya karɓi abinsa. Baffa nake ce masa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko yanzu da nake rubuta wannan zuciyata tana tafasa, bakina ba zai iya ba.

Shi ya nemo min biza, shi ya tarye ni a filin jirgin Riyad, shi ya kai ni gidan ma'aikata a Sulay ya nuna min gadon ƙarfe na sama ya ce nan ne nawa. Kamfaninmu na haɗa kayan lantarki ne. Masana'antar tana Birnin Masana'antu na Biyu, sito yana Sulay, ofis kuma yana can arewacin gari inda gine-ginen gilashi suke. Aikinmu mu direbobi shi ne zirga-zirga a tsakanin ukun nan da injiniyoyi da takardu da samfurin kaya. Mu goma sha ɗaya ne, kusan duk Hausawa, domin Baffa ne mushrif, wato shugaban direbobi, kuma shi yake zaɓo wanda za a ɗauka. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a ɗaure take da aikin nan. Ranar da aikin ya tsinke, zaman ya tsinke. Ina da mata da 'ya'ya biyu a gida, ga tsohuwa, kuma duk wannan sitiyarin suke kallo.

Akwai wani abu da aka raine mu da shi wanda Baffa ya mayar doka. A gidanmu babba ba ya kira sau biyu. Na taɓa ce wa mahaifiyata "ina zuwa" ina cin tuwo, har yau kunnena na hagu bai manta ba. To Baffa ya ɗauko wannan tarbiyya ya ɗora ta a kan waya. Abin alfaharinsa a gaban mudir, wato manajan kamfani, shi ne, "Yarana ba sa barin waya ta yi ƙara uku." Mudir ya kira shi, shi ya kira ka, kai kuma ka ɗaga ko kana tsakiyar shataletale. Kuma Baffa ba ya shiga magana kai tsaye. Sai ya tambaye ka gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi jikin tsohuwa, ya ba ka labarin wanda ya rasu a unguwa, sannan ya ce au, an canza shawara, ka juya. Ta ina za ka katse aminin mahaifinka yana tambayar jikin mahaifiyarka?

A takarda, kamfani ya hana taɓa waya ana tuƙi. Duk mun sa hannu. Ga kyamarori kuma a kan tituna suna kama mai waya a kunne. Maganin Baffa shi ne ka ɗora wayar a cinya, ƙasa da gilashi, inda kyamara ba za ta gani ba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa in waya ta sauka cinya, ido ma cinyar zai bi ta.

A shekarata ta huɗu kamfani ya kawo sababbin motoci, farare sumul, har ledar kujera ba a cire ba. Aka tara mu, wani bature mai sanƙo ya zo ya yi mana bayani, ana fassarawa. Motar tana riƙe layinta da kanta. Tana kiyaye tazara da ta gabanta, in ta gaba ta rage gudu ita ma ta rage, in ta tsaya ta tsaya. Amma ya maimaita sau uku yana buga tebur cewa mataimakiya ce, ba direba ba. Hannu a sitiyari, ido a hanya. In ka saki sitiyarin na ɗan lokaci za ta yi ta ƙara har sai ta ji nauyin hannunka ya dawo. Muka gyaɗa kai kamar ɗaliban kirki, muka sake sa hannu.

Baturen bai gama fita daga ƙofa ba Baffa ya yafito mu ƙarƙashin rumfar ajiye motoci. Ya ɗauki ƙaramar gorar ruwa, irin wadda ake rabawa a masallaci ranar Juma'a, ya cusa ta tsakanin da'irar sitiyari da ƙarfen tsakiya, ta zauna daram.

"Nauyi take nema," in ji shi. "To ga nauyi."

Mu huɗu muka shiga, ya hau da mu titin Kharj. Da ya daidaita a layi sai ya ɗauke hannuwansa biyu ya gyara zaman hularsa, ya ciro carbi, ya juyo yana kallonmu yana dariya. Motar tana tafiya, tana bin lanƙwasar titi ita kaɗai, shiru kake ji. Na bayana ya yi kabbara. Ni kuwa na riƙe kujera gam.

"Kai, sake jikinka," Baffa ya ce min. "Ta fi ka ido, ta fi ka hankali, ba ta gyangyaɗi, ba ta tunanin mace. Ba ku ji ana gwada waɗanda ba direba sam a can arewacin gari ba? Gobe su za su karɓe abincinmu. To kafin nan bari su yi mana bauta."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin abin. Bayan mako biyu na fi kowa ƙwarewa. Na san gorar da ta fi zama, na san ba a son wadda aka sha rabi domin tana motsi. Na ci shawarma da hannu biyu a kan titin zobe. Na saurari saƙonnin murya na guruf ɗinmu na amsa su ɗaya bayan ɗaya. Har suna na sa wa motar, Hajiya, saboda yadda take tafiya da nutsuwa ba ta son a dame ta. Wata rana wani mai a-kori-kura ya faɗo gabana ba sigina, ina duba waya, Hajiya ta taka birki da kanta kafin ma na ɗago. Maimakon wannan ya tsorata ni, sai ya ƙara min imani da ita. Na shafa mata dashbod na ce Allah ya yi miki albarka. Da yamma na ba da labari a ɗaki, Baffa yana gefe yana shan shayi, ya ce, "Me na gaya muku?"

Wata bakwai muna haka. Kiran Baffa bai ƙara kaiwa ƙara biyu ba, mudir ya yaba masa a gaban kowa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan azahar, rana ta take har kwalta tana ƙyalli kamar an zuba ruwa. Na fito daga masana'anta ni kaɗai da kwalin samfuri a kujerar baya, zan kai sito. Gora tana wurinta. Waya ta yi ƙara a cinyata, Baffa ne, na ɗaga kafin ta yi ta biyu. Ya tambayi gajiya. Ya tambayi tsohuwa, ya ce matarsa ta je duba ta ta same ta da sauƙi. Na yi godiya. Sannan ya ce an fasa sito, in wuce Unguwar Ofisoshin Jakadanci in ɗauko wani injiniya da ke gyara a can.

"Na turo maka lokeshin. Buɗe ka gani."

"Baffa, bari in samu wuri in tsaya."

"Wane tsayawa? Mudir yana tsaye a kaina. Ba Hajiya ce take ja ba? Buɗe yanzu ka gaya min minti nawa."

Na sunkuyar da kai na buɗe. Taswirar ta ƙi fitowa da wuri, na tsaya ina kallon abin nan yana juyawa. Ban san daƙiƙa nawa ba. A gaba masu gyaran hanya sun rufe layin da nake kai, sun jera robobin nan masu tsini, babbar motarsu tana tsaye da fitilar kibiya. Hajiya ba ta gane su ba. Ƙarar robar farko a ƙarƙashin mota ce ta ɗago da kaina, sannan ne ita ma ta tuna da ƙararta. Na cafki sitiyari, hannuna na dama ya faɗa kan gorar, na murɗa da ƙarfi. Na kauce wa tsakiyar babbar motar amma na daki gefenta, na kuma daki wani mutum da ke tafe rungume da robobi.

Da hayaƙin balan-balan ɗin sitiyari ya lafa, abin da na fara ji shi ne muryar Baffa daga ƙasan kujera. "Kana ji na? Minti nawa? Kai, kana ji na kuwa?"

Na fita da rarrafe. Mutumin yana kwance a kan kwalta mai zafi, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Abokan aikinsa suna ta ihu da harsunan da ban sani ba. Shi kuwa da ya buɗe baki cewa ya yi, "Wayyo Allah, ƙafata." Da Hausa. Hausar Maraɗi ce, na gane ta nan take. Na durƙusa na ɗora kansa a cinyata, cinyar da waya take a kai ɗazu, na tare masa rana da jikina ina ta salati.

Ya dube ni, gumi yana shiga idonsa. "Kai ma namu ne?"

Na ce eh.

"Ɗan'uwa, ba ka gan ni ba? Ga riga mai ƙyalli na sa."

Na ci gaba da tare masa rana.

Motar asibiti ta ɗauke shi. 'Yan sandan hanya suka auna, suka rubuta, laifi ya tabbata nawa ne gaba ɗaya, kuma ban yi musu ba. Na yi kwana biyu a tsare kafin kamfani ya karɓo ni. Ita kuwa gorar, jami'in kiyaye haɗari na kamfani ya tsince ta a ƙasan sitiyari, ga shatar inda take matsewa a jikinta. Na'urar motar kuma ta nuna ba a taka birki ba sai a daƙiƙar ƙarshe. Ashe duk wata bakwai ɗin nan Hajiya tana rubuta abin da nake yi, ina shafa mata dashbod.

Da safiyar da na dawo ɗaki, bayan kowa ya fita aiki, Baffa ya shigo da shayi da burodin tamis. Ya zauna a gadon ƙasa, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Ya tsufa a cikin kwana biyu, ko kuma ni ne ban taɓa dubansa sosai ba. Ya yi kuka, hawaye na gaske, na gan su.

"Ɗana," ya ce, "gobe jami'in nan zai tambaye ka da wa kake waya, wa kuma ya koya maka gora. In ka ambace ni, na tafi. In na tafi, duk yaran nan goma sun tafi, domin za a buɗe kowace mota. Amma in ina tsaye, ina riƙe da kai. Mudir ba ya tsallake maganata. Iyaka a sauke ka daga mota a mayar da kai sito na ɗan lokaci, in ƙura ta lafa in dawo da kai. Ka rufa min asiri."

Ya share hawayensa ya ci gaba.

"Tsakanina da mahaifinka ba sai na faɗa maka ba. Ni na sa shi a kabari. Kana ganin zan bari ɗansa ya wulaƙanta ina numfashi?"

Ya miƙo min wayata, wadda aka dawo da ita tare da kayana gilashinta a tsage. Da babban yatsana na goge kiransa, na goge lokeshin ɗin da ya turo, yana kallo. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya tura min kofin shayin ya ce in sha kar ya huce.

Washegari na gaya wa jami'in cewa matata ce ta kira ni daga gida, gora kuma dabarata ce na gani a bidiyo. Ya rubuta, na sa hannu. Matata, baiwar Allah, wadda ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba saboda ni na hana ta, ita na ɗora wa. Sunanta yana cikin wata takarda a wani ofis a Riyad a matsayin wadda ta karya ƙafar mutum. Wannan nawa ne, ba na Baffa ba, kuma har yau ban gaya mata ba.

Bayan kwana biyar aka tara duka direbobi a ɗakin cin abinci na masana'anta. Mudir ya zauna a tsakiya, jami'in yana damansa, Baffa yana hagunsa da sabuwar jallabiya. Gorar tana kan tebur a cikin leda kamar wani makami. Ni aka ajiye ni a kujera a gefe, ina fuskantar 'yan'uwana. Ban ji tsoro sosai ba. Na riga na saba wa raina da sito, har na fara tunanin yadda zan iya ɗaukar kwalaye a zafin nan.

Jami'in ya karanta rahoto. Sannan Baffa ya miƙe, ya ɗauki ledar da yatsa biyu ya ɗaga ta sama. Ya fara da Larabci domin mudir, sannan ya juya Hausa domin mu.

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, wallahi ban taɓa ganin irin wannan ganganci ba. Kullum ina gaya muku, waya da tuƙi ba sa haɗuwa. Ko ban gaya muku ba? A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin wannan abu?"

Mutum goma suka sunkuyar da kai. Na san aljihun ƙofar motar kowannensu, na san abin da ke ciki jiya. Ban ji haushinsu ba. Ko maganar Baffa ban ji haushinta ba a lokacin, na ce wasan da muka shirya ne, dole ya nuna wa mudir fushi kafin ya nemi sassauci.

Mudir ya shafa gemu ya juya wurinsa. Larabcina ba na malamai ba ne, na titi ne da na kasuwa, amma ya isa in gane abin da ya ce. Ya ce yaron nan shekara huɗu ba a taɓa kawo ƙararsa ba, kuma ya faɗi gaskiya bai wahalar da kowa ba. Ya ce, "Mutuminka ne. Mu mayar da shi sito?"

Ashe ma ba sai Baffa ya roƙa ba. Ƙofar a buɗe take, kai kawai zai gyaɗa.

Bai dube ni ba. Ya ce, "La, ya mudir. Huruj niha'i." Wato a sallame ni, fita ba dawowa. Ya ƙara da cewa in aka bar ni, sauran za su ɗauka abin wasa ne, gara in zama darasi. Ya ce shi da kansa ya kawo ni, don haka shi ya fi kowa jin kunya.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena, har na ji ɗacinta. Amma me zan nuna? Kiran da na goge da yatsana? Takardar da na sa wa hannu cewa matata ce? Kuma ko da kiran yana nan, ban sani ba ko zan iya. A gaban Larabawa, a gaban ƙannena, in dubi mai furfura, aminin ubana, in ce ƙarya kake yi? Tarbiyyar da ta sa na ɗaga waya ita ce ta rufe min baki. Ya san haka. Ya san ni tun ina zanen goyo, ya san daidai inda aka ɗaure ni.

Sai daga baya, ina kwance ina kallon rufin ɗaki, na gane lissafinsa. In ina sito, ina nan. Wata rana zan gaji, ko in yi fushi, ko in yi suɓutar baki a wurin shayi. A gida kuwa ko na yi ihu ba wanda zai ji a Riyad. Hawayen da ya yi a ɗakina ba na ƙarya ba ne, tsoro ne na gaske, sai dai kansa yake yi wa, ni kuma na ɗauka ni ake yi wa.

Ba a barin mutum ya fita ƙasar da haƙƙin wani a wuyansa, sai wanda aka ji wa ciwo ya yafe a rubuce. Don haka dole na je asibiti, ko da yake da ma ina son zuwa, kunya ce take hana ni. Na same shi an ɗaga ƙafar an soke ta da ƙarafa. Likita ya ce zai taka, amma da ɗingishi, kuma aikin titi ya ƙare masa. Na kai masa lemo da madara, na rasa inda zan ajiye idona. Shi ya yi ta jana da hira, ya tambayi garinmu, ya ce ya taɓa zuwa cin kasuwa. Da na kawo maganar takarda ina in'ina, ya ce a kawo, ya dangwala yatsa ba tare da ya bari na gama roƙo ba.

"Ƙaddara ce," ya ce. "Amma gaya min abu ɗaya, tunda ƙafata ce. Me kake kallo?"

Shi kaɗai na faɗa wa gaskiya a duk ƙasar. Na gaya masa gora, na gaya masa kiran, na gaya masa taron. Ya saurara yana kallon silin. Da na gama sai ya tambaya, "Shi dattijon, ya san asibitin da nake?"

Na ce ya sani.

Ya gyaɗa kai kawai. Ba wanda ya zo daga wurinmu sai ni.

Baffa bai ƙara shigowa ɗakinmu ba. In mun haɗu a masallacin gidan ma'aikata sai ya tayar da doguwar nafila har in fita. Amma ana gobe zan tafi, sai ga ɗaya daga cikin direbobi da ƙatuwar jaka a kafaɗa, yana ta sosa ƙeya. Saƙo ne. Al'adarmu ce a can, duk wanda zai je gida, ko hutu ko rasuwa, sai an haɗa shi da saƙo. Dabino ne da abayoyi da turare da takalman jikoki, in kai wa iyalin Baffa. An rubuta sunan kowa a jikin ƙullinsa da rubutun Baffa mai kyau. Na tsaya a kan jakar nan ina dariya, irin dariyar da take fitowa in kuka ya ƙi. Ya kore ni daga ƙasa, kuma ya ga ai bai kamata nauyin kayan da jirgi ya ba ni ya tafi a banza ba.

Na so in bar ta a nan. Na so in zazzage ta a bakin bola. Amma uwargidansa ce ta yi ta aiko mana da tuwo wata guda cur da mahaifina ya rasu, kuma ita ce take zuwa duba tsohuwa. Ba ta koya wa kowa gora ba. Na rage kayana na bar wa 'yan ɗaki bargona da tukunyar shinkafa, na sa jakar a ciki.

Wanda ya kawo jakar shi aka ba aikin kai ni filin jirgi, da hantsi, a irin motar tawa sak. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai jarrabawar lasisi. Na leƙa aljihun ƙofarsa, gora tana nan, cike, ba a buɗe ba. Muka bi ta gaban wurin. An gama gyaran, an kwashe robobi, ba ko alama.

Mun hau titin zobe sai wayata ta yi ƙara. Baffa. Na san abin da zai ce. Zai tambayi gajiya, zai ce in gaida tsohuwa, zai ce ƙullin turaren na uwargida ne kar a ba amarya, wataƙila ma ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya tsara. Yatsana ya tafi da kansa, sai da na danne shi da ɗaya hannun. Ba tuƙi nake ba, hannuwana biyu ba abin da suke yi, ba ni da wani uzuri. Ta yi ƙara uku, ta yi huɗu. Ji nake kamar na zagi wani. Na bar ta har ta katse.

Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ta direban ta ɗauka, a cinyarsa. Ya dube ni, ya dubi titi, ya dubi cinya. Na ga hannunsa na dama ya saki sitiyari.

Na riga shi. Na ɗauke wayar na haɗa da tawa na riƙe.

"Yaya, Baffa ne fa," ya ce.

"Na gani. Dubi hanya."

"Zai ce na raina shi."

"Ka ce ni na ƙwace. Ka ɗora min, na saba."

Ya mayar da hannunsa. Wayar ta yi ta kuka a tafina, sunan yana haske yana ɗaukewa. A gabanmu can nesa wasu masu riga mai ƙyalli suna jera robobi a gefen titi, ya gan su tun da wuri, ya sa sigina ya koma ɗaya layin. Shekarata talatin da huɗu a duniya ban taɓa sanin sau nawa waya take ƙara kafin ta haƙura ba, domin ban taɓa bari ba. Ranar na ƙirga har ta yi shiru, sannan ta sake farawa.